Mazauna Babbar Randa

Shekara goma sha tara na yi ina ɗaura jan ƙyallen kewang a kaina, ɗaya daga cikin mutum tara da ke tsaron dokar teku da ta daji a ƙauyenmu. A tsawon wannan lokaci na kama ɓarayin katantanwa, na kama masu tsinkar ɗanyar kwakwa, har surukina na taɓa kamawa, kuma ban yi masa sassauci ba. An san ni da saurin fushi. Ban taɓa musantawa ba, don in na tsaya musu ma fushin ne zai taso. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wata rana za mu zauna shari'a a kan abin da ido ba ya gani. Nurjia ce ta jawo mana.

Nurjia 'yar yayata Sitna ce. Ubanta ya rasu tana goye, don haka ni na koya mata iyo, ni na sassaƙa mata tabaraun katakon da ta fara leƙa ƙarƙashin ruwa da shi. Ta tafi birnin Ambon karatu, ta yi digiri, ta ƙara wani, ta shiga neman na uku, wanda aka ce in ta gama za a riƙa kiranta dakta ko da ba ta iya yi wa kowa allura ba. Duk wannan karatu kuwa a kan soson teku ne. Ba ma soson ba, abin da ke zaune a cikinsa.

A gefen tudun murjaninmu, gaba takwas ƙasa, akwai wani soso da muke kira Babbar Randa. Babban mutum zai shiga cikinsa ya zauna, kansa kawai a waje. Haka kakana ya same shi, ni ma haka na same shi. Kifi ba ya cin sa, mu ma ba mu da abin yi da shi, sai dai mu yi kwatancen wuri da shi. Shi Nurjia ta zo nema bayan an gama tsinkar kanumfari.

Ta nemi izini yadda ake nema. Aka tara mutane a zauren gari, ta kafa madubinta mai ƙara girman abu a kan tebur, ta ɗiga ruwan da ta matso daga ɗan guntun soso, ta ce kowa ya zo ya leƙa. Ta ce sunansu bakteriya. Mu dai ƙwayar cuta muka sani, irin wadda malamar asibiti ke tsorata yara da ita don su wanke hannu. Ta ce waɗannan ba cuta suke sakawa ba. Guntun soso kamar kan ɗan yatsa, in ji ta, mazauna cikinsa sun fi mutanen ƙasar nan yawa, kuma iri-iri ne, kowa da aikinsa. Wasu na ciyar da soson, wasu na kwashe ƙazantarsa, wasu na haɗa ɗacin da ke hana kifi cizonsa. Wannan ɗacin take bi, ko Allah zai sa a samu maganin ciwon da ya daina jin magani.

Taher mai sayar da fetur ya ɗaga hannu.

"Ke 'yar Sitna, ana cin su?"

"Ba a ci, Baba Taher."

"Ana sayarwa?"

"Ba yanzu ba."

"To Allah ya ba da lada," in ji shi, ya koma ya zauna. Zaure ya kwashe da dariya, har da ni.

Ni da na leƙa, ɗigo-ɗigo kawai na gani, irin wanda mutum ke gani in ya daɗe yana kallon rana. Na ce mata, "Na gani, sannu da ƙoƙari," na ba na baya wuri. Amma Baba Bahrun, shugabanmu na kewang, wanda ya haura tamanin, ya daɗe sunkuye a kan madubin har mutane suka fara tarin ƙarya. Da ya ɗago sai ya ce, "Suna motsi." Bai ƙara komai ba. Aka ba ta izini.

Matsalar aikin, yadda ta bayyana mini a cikin kwalekwale, ita ce halittun nan ba sa son baƙunta. In ka fitar da su ka kai ɗakin bincike, ka zuba musu abinci a faranti, a cikin ɗari da ƙyar ɗaya ke yarda ya rayu. Shekara biyu tana fama, ba abin da ke tsirowa a farantanta sai wanda kowa ya riga ya sani. Sai ta ce tunda sun ƙi zuwa wurin faranti, bari ta kai musu farantin har gida. Ta zo da 'yan battoci goma sha biyu, kowace ba ta fi murfin kwalba ba, cike da wani abu mai kama da papeda, tuwonmu na garin bishiyar sago, in ta huce, an rufe da tantani mai ƙofofin da sai su kaɗai ke iya wucewa. Za a ɗan tsaga jikin soson, a cusa batta, a bar ta mako huɗu. Su shiga, su ci, su saba, su hayayyafa. Wanda ya saba da batta, in an kai shi Ambon ba zai yi yaji ba.

"In an wuce mako huɗun fa?" na tambaye ta.

"Zuwa shida da sauƙi. Bayan nan abincin ya ƙare, soson kuma ya haɗe tsagar ya shanye battar. Sai dai a fara daga farko."

"To a fara mana. Soson gudu zai yi?"

"Da me za a fara, Kawu? Tallafin karatuna ƙarshen shekarar nan zai ƙare. Wannan ne gwaji na ƙarshe. In ya ɓaci, digirin ya tafi."

Muka nutsa tare, ita da tukunyar iska a baya, ni ma ta ara mini ɗaya. Ita ke tsagawa, ni ke miƙa mata batta, kowace da ɗan farin zare a waje don a gane wurin. Da muka fito ta koya mini yadda za mu cire su in lokaci ya yi: a ja zare a hankali, a sa batta a leda, a ƙulle bakin ledar tun a ƙarƙashin ruwa, kada iska ta taɓa ta ko sau ɗaya. Sannan ta kwashe kayanta ta koma Ambon don ta shirya farantai.

Kwana goma sha ɗaya da tafiyarta, wani jirgin ruwa na baƙin masunta ya jefa bam ɗin kashe kifi a bakin tudun ta gabas. Da safe matattun kifaye suka cika gaɓa, har da 'yan ƙanana waɗanda ba su kai yatsa ba. Na yi zagi ranar har muryata ta dishe. Dattawa suka zauna, Liman ya yi addu'a, aka ce a rufe tudun da sasi, dokarmu ta hani, tun yanzu, ba sai lokacin da aka saba ba, kuma shekara guda cur. Sasi kuwa in ya hau, ba mai ɗaukar wani abu mai rai daga tudun murjani. Ko ƙaguwa ce ta maƙale maka a wando, sai ka mayar da ita. Ni da hannuna na kafa sanda a tsakiyar tudun, na ɗaura mata ɗanyen ganyen kwakwa. Wallahi battocin nan ko a raina ba su zo ba.

Sai ranar da Nurjia ta sauko daga jirgin ruwa da tukwanen iskarta, ta hango ganyen yana kaɗawa, ta tsaya cak a kan gadar da jirgi ke tsayawa, sannan na tuna.

Da yamma na same ta a kicin ɗin Sitna, ta sa papeda da miyar kifi a gaba ta ƙi taɓawa. Na ce ta kwantar da hankalinta, ni na san dokar nan ciki da waje. Sasi bai hana mutum ɗauko kayansa ba. Wanda ya bar anga a ruwa, ko raga ta maƙale masa, yakan zo gaban kewang ya faɗa, a haɗa shi da mutum ɗaya ya je ya ɗauko. Sharaɗin ɗaya ne, in da kifi a ragar a sake shi.

"Gobe in Baba Bahrun ya tambaye ki, ki ce kayanki ne, kuma ba komai a ciki."

"Amma akwai, Kawu."

"Wa ya gani?"

"Ni na sani."

"Ke kika sani! Ni zan raka ki, in buɗe in duba, in ce ban ga komai ba, kuma ban yi ƙarya ba. Shi ke nan an wuce wurin."

"In ba komai a ciki, me zan je ɗaukowa?"

Sitna ta ajiye ludayi. "Ke, ki ji maganar kawunki. Shekara nawa ina tsaye a kan kaskon suyar ayaba saboda karatun nan? 'Ba komai.' Kalma biyu ce fa, bakinki ba zai tsage ba."

"Inna, na tsaya a gaban mutanen nan na ce musu masu rai ne, don su ba ni izini. Yanzu in koma in ce musu ba komai ba ne, don su sake ba ni izini?"

Na buga tebur har miyar ta fantsama. "Taurin kan ubanki ne wannan, Allah ya jiƙansa! Shi ma haka ya yi ta gardama da hadari." Na fita ban ci komai ba.

Washegari da hantsi muka zauna a zauren gari, mu tara da jajayen ƙyallayenmu, mutane cike har tagogi. Nurjia ta durƙusa ta gaida dattawa, ta faɗi buƙatarta. Baba Bahrun ya saurare ta har ƙarshe, hannunsa a kan sandarsa.

"Battocin nan naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Da kika sa su, da wani abu mai rai a ciki?"

"Babu. Sai da na dafa su kafin in zo da su."

"Yanzu fa?"

Na yi gyaran murya da ƙarfi. Sauran kewang duk suka sunkuyar da kai. Na rantse ba mutum ɗaya a zauren nan da ba ya so ta ce babu, har Taher, kuma da ta faɗa ba wanda zai ƙaryata ta.

"Yanzu sun cika, Baba."

"Daga ina suka zo?"

"Daga jikin Babbar Randa."

"Za a iya zazzage su a bar su can, ki ɗauki battocinki?"

"Ana iyawa. Amma su nake so, ba battocin ba."

Na miƙe tsaye ba tare da an ba ni dama ba. "Baba, wannan fa ba kifi ba ne, ba katantanwa ba ce! Duk wanda ya yi wanka a teku yana fitowa da dubunsu a gashin kansa, ita ta faɗa da bakinta. Wankan ma za mu hana?"

"Zauna, Muhrim," in ji shi. "Mai wanka ba su ya je nema ba. Ita tarko ta kafa, kuma ya kama." Ya juya wurinta. "Yarinya, da kin ce babu, da na yarda, don ni idona bai isa ya duba ba. Kin ce akwai. Iyayenmu da suka kafa dokar nan mai rai suka ce, ba su ce babba ko ƙarami ba. Ki yi haƙuri sai sasi ya sauka."

"Na ji, Baba. Na gode."

Ta tashi ta fita, bayanta a miƙe. Na ji haushinta, na ji haushin tsohon, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san duk su biyun sun fi ni gaskiya. Ta ce za ta bi jirgin Juma'a, wanda ke tashi in an sauko daga masallaci. Ranar battocin za su cika mako biyar.

Kwana uku na yi ina kai-kawo, ina yi wa matata faɗa a kan gishirin miya. Ran Juma'a na yi wanka, na sa farar riga, na fita kamar mai zuwa masallaci. Da na ga maza sun shige, mata sun koma cikin gida, sai na zaga ta bayan rumbunan sago inda na ɓoye kwalekwalena da kular kifi cike da ƙanƙara. Tukwanen iskar Nurjia suna ɗaure a kan gada, kuma ba na so ta sani, don haka da numfashina na je, da tabaraun katako, yadda muka saba tun muna yara. Sai dai lokacin ba shekarata hamsin da takwas ba.

Na ɗaure kwalekwalen a jikin sandar da ni na kafa. Gaba takwas, sau goma sha biyu, don numfashi ɗaya batta ɗaya yake isa in ja, in sa a leda, in ƙulle. Biyar na farko sun zo da sauƙi. Ta shida soson ya fara haɗewa a kanta, sai da na sa farce. Duk fitowar da zan yi in shaƙi iska, sai in jiyo huɗubar Liman ta lasifika tana tahowa a kan ruwa, in sake komawa. Daga ta tara kaina ya fara ƙara, ƙirjina na zafi. Ta ƙarshe ban san yadda na fito da ita ba. Na dai tsinci kaina rungume da gefen kwalekwale ina amai, leda a haƙorana, battar na cikin ruwanta.

Na isa gada ana fitowa daga masallaci. Nurjia na zaune a kan jakarta, Sitna na tsaye kusa da ita. Na dire kular a gabanta. Ta ɗaga murfin, ta duba, ta rufe. Sannan ta ɗago ta daɗe tana kallona.

"Kawu."

"Kada ki ce komai. Sha biyu ne cif, kuma iska ba ta taɓa ko ɗaya ba."

Ta ɗauki kular ta rungume. "Na gode, Kawu," in ji ta a hankali, idonta cike da ƙwalla. Na ɗauka murna ce. Jirgi ya yi ƙaho, ta shiga.

Ni ba ɓarawon ɓoye ba ne. Daga gada na wuce gidan Baba Bahrun da jiƙaƙƙen wando, na ciro jan ƙyallena daga aljihu na ajiye a gabansa, na faɗa masa abin da na yi.

"Na ga gurbinka a sahu," in ji shi. "Na ce ko ciwo ne. Da ma ciwon ne."

Hukuncin wanda ya karya sasi kowa ya san shi. Ana rataya masa abin da ya sata a wuya, ya bi gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana shelar laifinsa. To nawa abin satar ya tafi Ambon, kuma ko yana nan ba mai ganinsa. Aka yi ta muhawara a kan abin da za a rataya mini, har Taher ya ce a ba ni igiyar haka nan, ai daidai ke nan da abin da muka gani a madubi. Haka aka yi. Na bi gari da igiya ba komai a jikinta, ina cewa, "Na saci masu rai a tudun murjani! Na saci masu rai a tudun murjani!" Da farko mutane sun yi ta dariya. Kafin in wuce masallaci dariyar ta ɗauke, kuma na fi son lokacin da ake yin ta. Na ji kunya ƙwarai, amma ban yi nadama ba. Na ce a raina, ƙyalle dai ƙyalle ne, yarinyar nan za ta zama dakta.

Bayan wata uku Sitna ta aiko a kira ni, wai Nurjia na kan waya. Na je da sauri har na bar takalmi ɗaya a hanya.

"Sun tsiro?" na tambaya, ko gaisuwa ban tsaya yi ba.

"Sun tsiro, Kawu. Tara a cikin sha biyun. Akwai iri huɗu da ba wanda ya taɓa ganinsu. Ɗaya in na sa shi kusa da ƙwayar nan da ta gagari magani, sai ta mutu a kewayensa."

Na yi kabbara har kajin Sitna suka watse. "To yaushe za a fara ce miki dakta?"



"Ba za a ce ba, Kawu."

Ta bayyana mini a hankali, yadda take bayyana komai. Duk abin da aka ɗauko daga tekun wasu mutane, sai an haɗa shi da takarda mai sa hannun shugabansu, cewa da yardarsu aka ɗauka, rana kaza. In babu wannan takarda, ba a rubuta shi a littafi, ba a nuna wa kowa, makaranta ba ta karɓa. Da ta isa da kular aka tambaye ta takarda, ita kuma ta faɗi yadda aka yi. Da ma hannu wofi ta koma, ta kai musu hukuncin kewang, in ji malaminta, da wataƙila an ƙara mata shekara ta jira sasi ya sauka. Yanzu halittun na cikin firji, ba suna, ba mai ikon taɓa su. Ita kuma ta sami aikin koyarwa a wata sakandare a bayan gari.

"Yanzu zan je wurin Baba Bahrun," na ce. "Zai sa hannu ko ya ƙi Allah!"

"Kada ka je. Ba zai sa hannu a kan ƙarya ba, kuma ko ya sa ba zan kai ba."

Na zauna a kan turmin Sitna.

"Nurjia, wannan maganar takarda, kin san da ita tun a gada?"

"Na sani."

"To don me kika karɓa? Me ya hana ki jefa mini kular a fuska, ki ce in mayar da su inda na ɗauko?"

"Kawu," in ji ta, "jini na fita ta kunnenka har cikin wuyan riga, kai ba ka ma sani ba, kana ta murmushi. Ta yaya zan ce maka ka mayar?"

Na riƙe wayar a kunne har Sitna ta zo ta zare ta daga hannuna.